An sasanta batun mayafi a wurin aiki, saura na mai goyo

A watan Maris na 2022, Sufeto Janar na 'Yan Sanda na lokacin, Usman Alkali Baba, ya amince wa 'yan sanda mata su riƙa ɗaura ɗankwali a ƙarƙashin hular aiki, su kuma sa ƙananan 'yan kunne idan sun ga dama. Bayan wata uku, ranar 17 ga Yuni, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci da rinjayen alƙalai biyar a kan biyu cewa ɗalibai mata Musulmi na da 'yancin sa hijabi a makarantun Gwamnatin Jihar Legas. Kafin wannan an sha dambarwar Firdausi Amasa, wadda aka hana ta shiga zauren rantsar da sababbin lauyoyi a Abuja a watan Disambar 2017 saboda ta ƙi cire hijabinta, aka kuma dawo aka rantsar da ita da hijabin a watan Yulin 2018. A cikin shekara biyar ke nan, tambayar abin da mace za ta sa idan ta fita karatu ko aiki ta samu amsa daga kotu mafi girma a ƙasa, da majalisar manyan lauyoyi, da hedikwatar 'yan sanda.

Akwai tambaya ta biyu da ke jiran ma'aikaciyar da ta yi aure ta haihu, wadda ba ta samu irin wannan gata ba: ina za ta ajiye jaririn, wa zai ba shi nono, kuma wa zai biya albashinta kafin ta koma? Babu zanga-zangar da ta cika titi a kan wannan, babu huɗubar Juma'a da ta yi tashe a kansa. Abin da ya cike gurbin shi ne shawarwari. Duk wanda ke bibiyar zaurukan mata a Facebook da TikTok da WhatsApp ya san irinsu: yadda za ki haɗa abaya da mayafin da ya dace da ofis, yadda za ki dafa miyar mako ranar Lahadi, yadda za ki tashi tun kafin Asuba ki shirya yara ki kuma isa aiki fes-fes. Yawancin shawarwarin na da amfani, masu ba da su kuma da kyakkyawar niyya suke yi. Sai dai dukkansu sun tsaya a kan zato guda, cewa matsalar ta rashin dabara ce daga ɓangaren uwar. Idan aka buɗe littafin doka, za a ga inda gizo ke saƙar.

Abin da doka ta ce

Dokar Ƙwadago da Najeriya ke aiki da ita ta samo asali ne tun shekarun 1970, zamanin mulkin soja. Sashe na 54 nata ya ba mace mai ciki damar barin aiki mako shida kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, ya kuma hana a sa ta aiki na tsawon mako shida bayan ta sauka. Idan ta yi wata shida ko fiye tana aiki a wurin, za a biya ta abin da bai gaza rabin albashinta ba. Bayan ta dawo, mai shayarwa na da rabin sa'a sau biyu a rana domin ta ba ɗanta nono.

Mako shida bayan haihuwa kwana 42 ne. A ƙasar Hausa mai jego kan yi kwana arba'in tana wanka, wadda ta yi haihuwar fari ma sau da yawa a gidan iyayenta take yin su. Ma'ana, a idon wannan doka, kwana biyu bayan an sauke tukunyar wankan jego, uwa ta isa ta ɗauki jaka ta koma bakin aiki. Rabin sa'ar da aka ware don shayarwa kuwa an rubuta ta ne kamar jaririn na kwance a ɗakin da ke maƙwabtaka da ofis. Matar da ke zaune a Mararaba ko Nyanya tana aiki a tsakiyar Abuja, ko wadda ke fitowa daga Rijiyar Zaki zuwa Bompai a Kano, rabin sa'ar ba za ta kai ta ko rabin hanya ba.

Akwai kuma wata ƙofa da dokar ta bari a buɗe. A sashen da ta fassara kalmar ma'aikaci, ta cire waɗanda ke riƙe da muƙaman gudanarwa da na shugabanci da na ƙwararru. Irin waɗannan, haƙƙinsu ya rataya ne a kan abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki. Wasu manyan kamfanoni na ba da fiye da abin da doka ta ce, amma don ganin dama. A ƙasan tsani kuma akwai malamar makarantar kuɗi ta unguwa, da mai sayar da magani a kanti, da ma'aikaciyar da wani kamfanin 'yan kwangila ya ɗauka ya tura ta banki, waɗanda da yawansu ba su ma da takardar da za su nuna. A irin waɗannan wurare, abin da aka saba ji shi ne a ce wa mace ta je ta haihu lafiya, idan ta dawo a duba ko akwai gurbi.

Ma'aikatan gwamnati sun fi samun sauƙi. A shekarar 2018, Ministan Ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya shaida wa taron ƙwadago na duniya a birnin Janiba cewa an ƙara hutun haihuwa na ma'aikatan tarayya daga wata uku zuwa huɗu. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun kuma ba mai shayarwa sa'a biyu kowace rana har tsawon wata shida bayan ta dawo. A watan Satumbar 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga magidancin da matarsa ta haihu. A matakin jihohi, Legas ce ta fara kai hutun uwa wata shida a 2014, tare da kwana goma ga uba, duk da cewa ta taƙaita shi ga haihuwa biyu na farko. Kaduna ta bi sahu a 2019 a ƙarƙashin Gwamna Nasiru El-Rufa'i, Oyo da Ekiti su ma suna cikin waɗanda suka yi hakan. Sakamakon shi ne, jarirai biyu da aka haifa rana ɗaya a asibiti ɗaya, ɗaya zai samu mahaifiyarsa a gida wata shida, ɗayan kuma kwana 42, gwargwadon wanda ke biyan albashinta.

Wa ke biyan kuɗin?

A nan ne tushen matsalar yake, kuma shi ne abin da ba a cika faɗa ba idan an zo bikin makon shayarwa a farkon kowane Agusta. A Najeriya, wanda ya ɗauki mace aiki shi kaɗai ke biyan albashinta lokacin hutun haihuwa. Mai ƙaramin asibiti ko makaranta mai malamai goma zai biya wadda ta tafi, ya kuma biya wadda za ta riƙe mata. Ba sai ya zama mugu ba kafin ya fara lissafi a ranar da matashiyar amarya ta kawo takardar neman aiki. Tambayoyin nan da ake yi wa mata a wajen tantancewa, na ko tana da aure, ko yaranta nawa, ko tana shirin ƙarawa, daga wannan lissafi suke fitowa. Idan aka tsawaita hutun zuwa wata shida ba tare da an sauya wanda ke biya ba, za a ƙara wa masu zaman kansu dalilin guje wa mata ne kawai.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta hango wannan tun tuni. Yarjejeniyarta ta 183 ta shekarar 2000 ta sa mafi ƙarancin hutun ya zama mako 14, ta kuma tanadi cewa a biya kuɗin daga asusun inshorar ma'aikata ko baitulmali, don kada nauyin ya faɗa kan mai ɗaukar aiki shi kaɗai. Ba sai an je Turai neman misali ba. A Jamhuriyar Nijar doka ta ba ma'aikaciya mako 14, kuma asusun kula da ma'aikata na ƙasa, wato CNSS, na ɗaukar wani ɓangare na kuɗin. Najeriya na da asusun fansho da ake cira daga albashi, tana da na gidaje, tana da na diyyar raunin da aka ji a bakin aiki. Na haihuwa ne babu, alhali a cikinsu duka babu abin da ya kai haihuwa tabbacin faruwa.

Gaskiya ta biyu da ya kamata a faɗa ita ce, duk wannan muhawara ta shafi 'yan tsiraru ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a ƙarƙashin tsarin albashi na hukuma suke ba. Mai ƙosai da mai kitso da mai surfe da matar da ke tsince gyaɗa a kasuwar hatsi ba su san wani abu wai shi hutun haihuwa ba. Abin mamaki shi ne, ta wata fuskar sun fi 'yar boko sa'a: ɗansu na bayansu, idan ya yi kuka su kwance zane su ba shi. Aikin ofis ne ya zo da sharaɗin a bar goyo a gida.

Nono, firji da wutar lantarki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a shayar da jariri nonon uwa zalla na wata shida, ba ruwa ba koko, sannan a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Musulmi ba baƙon wannan adadi ba ne, domin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna cewa jariran da ke samun nono zalla sun ƙaru daga kashi 17 cikin 100 a 2013 zuwa kashi 29 a 2018, alhali burin da ƙasashen duniya suka sa wa kansu shi ne kashi 50 kafin 2025. Ba ma'aikata mata ne suka jawo wannan ƙaranci ba. Babban dalilin shi ne al'adar ɗura wa jariri ruwa saboda tsoron ƙishi, wadda ta game birni da ƙauye. Amma gwamnatin da ke tura ma'aikatan lafiya su yi wa iyaye wa'azin wata shida, ita ce kuma dokarta ke kiran uwa ta koma aiki bayan mako shida. Ita kanta ma'aikaciyar jinyar da ke wa'azin, idan a asibitin kuɗi take, wataƙila nata jaririn na gida ana ba shi madarar gwangwani.

Mafitar da aka fi ba ma'aikaciya ita ce ta tatsi nono ta ajiye. Shawara ce mai kyau, kuma ilimin da ke bayanta tabbatacce ne. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta da murfi kan yi kimanin sa'a huɗu a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 25 ba, ya kuma yi kwana huɗu a firji mai aiki. Ba a tafasa shi. Ana tsoma mazubin ne a ruwa mai ɗumi. Ma'aikatan lafiya sun fi son a ba jariri da ƙaramin kofi, saboda kofi ya fi bulunboti sauƙin wankewa. Yana kuma da kyau uwa ta fara gwada tatsar da sabar wa jaririn da mai rainonsa kamar mako biyu kafin ranar komawa, ta riƙa ba shi nono sosai da daddare da sassafe don kada ya ragu.

Sai dai a dubi sharuɗɗan da kyau. Ɗaki mai digiri 25 a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai gidan mai na'urar sanyaya ɗaki. Firji mai aiki kuma na buƙatar wuta. A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo musu wuta. Uwar da ta dogara da firji a wannan mako ta zubar da abin da ta tara. A wurin aiki kuma tana buƙatar inda za ta keɓe ta tatsa, abin da ofisoshi ƙalilan ne suka tanada, shi ya sa wasu ke ƙarewa a masallacin mata, wasu a cikin mota, wasu a banɗaki. Idan duk wannan ya gagara sai a koma ga madarar gwangwani, wadda farashinta ke tafiya da na dala. Dalar da ake canzarwa kusan Naira 460 a hukumance a watan Mayun 2023 ta haura Naira 1,500 a 2024, mafi ƙarancin albashi kuma Naira 70,000 ne.

Ko tufafin ma, idan aka lura, labarin goyon suke bayarwa. Teloli mata sun daɗe da gane abin da masu rubuta ƙa'idar sutura a ofisoshi ba su gane ba: doguwar rigar da zif ɗinta ke baya ba ta mai shayarwa ba ce. Shi ya sa ɗinkin da ake buɗewa ta gaba, da riga da siket a maimakon doguwar riga, da abaya mai maɓalli, suka zama kayan mai jego idan za ta koma aiki. Yadin auduga ya fi na roba a lokacin zafi, atamfa mai duhu da yawan zane kuma ta fi farin yadi rufa asiri idan nono ya zubo ana tsakiyar taro. Mai hawa babur ko Adaidaita Sahu kan tattare dogon hijabinta a cinya, domin an sha ganin yadda ƙafar babur ke naɗe shi. Wannan ilimi ne da mata ke koya wa junansu kyauta. Wadda aka ɗora wa kayan sarki ko rigar asibiti ko kwat ɗin banki kuwa ba ta da wannan zaɓi, sai abin da aka yanka mata. An yi doguwar muhawara a kan ko ɗankwali zai shiga ƙarƙashin hula, ba a ji an yi irinta a kan yadda mai ciki wata takwas za ta ɗaura bel ba.

'Yan sandan ma da aka fara da su misali ne. Kimanin wata biyu kafin a cika shekara da amincewa da ɗankwalin, a watan Janairun 2023, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke zama a Akure ta soke ƙa'ida ta 127 ta rundunar, wadda ta tanadi korar 'yar sandan da ta ɗauki ciki ba ta da aure. Shari'ar ta taso ne daga korar wata 'yar sanda a Jihar Ekiti a 2021, kotun kuma ta ce ƙa'idar wariya ce tunda ba ta shafi maza ba, ta ba da umarnin a biya ta diyyar Naira miliyan biyar. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan cikin da ba na aure ba, abin lura shi ne ɗankwali ya samu shiga da sanarwa guda daga ofishin Sufeto Janar, batun ciki kuwa sai da wata ta rasa aikinta ta yi shekara biyu tana zaryar kotu.

Yarinyar da ke riƙe da gidan

A da, wannan tambaya ba ta tasowa, domin gidan gandu na da kaka da gwaggo da kishiya da ƙannen miji. Ma'aikaciyar yau tana zaune ne a gidan haya mai ɗaki biyu, a garin da aiki ya kai ta ko ya kai mijinta, mahaifiyarta na can nesa. Gidajen rainon yara na kuɗi sun yawaita a manyan birane, amma nagari sun fi ƙarfin mai ƙaramin albashi, masu araha kuma sau da yawa mace ɗaya ce ke fama da jarirai fiye da yadda hannu biyu za su iya. Saboda haka sai a aika ƙauye a kawo 'yar aiki.

Wannan shi ne ɓangaren da zaurukan shawarwari suka fi yi wa gurguwar fahimta. Ana yawan tattauna yadda za a sa wa 'yar aiki ido, da irin kyamarar da za a maƙala a falo, ba a cika tambayar shekarunta ba. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, da hukuncin ɗauri. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare. Amma a gidaje da yawa, yarinyar da ke goye da ɗan malamar makaranta ita kanta ya kamata a ce tana aji biyar. Mace ɗaya ta samu damar amfani da digirinta, wata yarinyar ta biya da nata karatun, kuɗin aikin ma wata dillaliya ce ke karɓa ta cire nata kafin ya isa ga iyaye. Ba uwar ce ta ƙirƙiro wannan tsari ba, amma gidanta ne yake gudana, kuma jaririn da aka bar wa 'yar shekara goma yana cikin haɗarin da kyamara ba za ta kawar ba. Mai halin ɗaukar babbar mace da albashi na gaskiya, ko haɗa kuɗi da maƙwabta biyu ko uku su ɗauki mai raino guda, ta fi kusa da kwanciyar hankali.

Maigida kuma ba a cika sa shi a lissafi ba. Kusan duk shawarar da ake bayarwa da "ki" take farawa. Kwana 14 da tarayya ta ba iyaye maza sun kai su har bayan suna da mako guda, amma kai yara makaranta, da zaman layin rigakafi, da kwana a asibiti idan zazzaɓi ya tashi, har yanzu ana ɗaukarsu aikin uwa ko da ita ma ƙarfe takwas ake jiranta a ofis. A gidan da albashi biyu ne ke biyan haya da kuɗin makaranta, musamman tun bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, wannan rabo ba ya ɗorewa.

Abin da ya bambanta nasarar hijabi da jinkirin batun goyo ba boyayye ba ne. Hijabi ya samu ƙungiyoyin da suka ɗauke shi nasu, da lauyoyin da suka bi shi daga Babbar Kotun Legas a 2014 har Kotun Ƙoli a 2022, kuma amincewa da shi ba ta ci wa kowa ko kwabo ba. Hutun haihuwa da ɗakin raino a wurin aiki kuɗi suke ci, waɗanda abin ya shafa kuma suna cikin halin ne na 'yan watanni, da zarar an yaye yaro sai a bar wa na baya. Arewa ce ta fi kowa asara a wannan, domin nan ne magidanta da yawa ke son mace ce ta duba matansu a asibiti, mace ce ta koyar da 'ya'yansu mata, alhali ungozoma da malamar da aka kashe kuɗi aka horar kan ajiye aikin a haihuwa ta biyu ko ta uku.

Dokar mafi ƙarancin albashi ta 2024 ta rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku, wato a 2027 gwamnati da ƙungiyoyin NLC da TUC da masu kamfanoni za su sake zama a teburi guda. Waɗannan ɓangarori uku su ne kuma za su iya kafa asusun haihuwa da gyara sashe na 54. Ƙungiyar malamai da ta ma'aikatan jinya da ungozoma na cikin manyan rassan NLC, mata kuma sun cika su.